Hutun sati ɗaya, birane shida: zai yiwu ko in rage?

Bello_Debrecen:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina shekara ta biyu a Debrecen, ƙasar Hangari. A ƙarshen Oktoba za a ba mu hutun sati ɗaya, kuma tun da na zo ban leƙa ko'ina ba sai Budapest. Ga abin da na tsara: Vienna, Prague, Balin, Amsterdam, Faris, Milan, daga can in hawo jirgin sama mai araha in dawo. Kowane gari wuni ɗaya, wasu dararen in yi su a cikin bas don in huta da kuɗin masauki. Katin zamana da sauransa, sai baɗi zai ƙare. Waɗanda suka taɓa irin wannan zagaye ku faɗa mini gaskiya, zai yiwu? Kuma nawa zan tanada?

injiniya_sani:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauko biro mu yi lissafi, a jirgin ƙasa ma tukuna, wanda ya fi bas sauri. Debrecen zuwa Budapest awa 2 da rabi. Budapest zuwa Vienna kusan haka. Vienna zuwa Prague awa 4. Prague zuwa Balin awa 4 da 'yan mintoci. Balin zuwa Amsterdam kimanin awa 6. Amsterdam zuwa Faris awa 3 da rabi. Faris zuwa Milan awa 7. Ka ga an doshi awa 30 kana zaune a kujera, ban sa jiran jirgi ba, ban sa neman masauki da jaka a baya ba. In kuma bas ne, wasu hanyoyin sai ka kusa ninka lokacin. Wannan aikin kwandastan mota ka tsara wa kanka. Yanke shi gida biyu, ka tsaya a Balin.

Khalifa_Milano:
Haba Injiniya, kada ka kashe masa gwiwa. Yaro ne, da ƙarfinsa. Mun yi wanda ya fi wannan. Su waɗannan biranen fa duk tsakiyarsu ake gani, ka isa da safe, ka zaga, ka ɗauki hoto, da daddare ka wuce. Wa ya san ko zai sake samun dama? Ana gama karatu katin zama ya ƙare, sai ka koma bin layin biza a Abuja. Bello ka zo Milan, akwai katifa a ɗakina.

injiniya_sani:
@Khalifa_Milano to faɗa masa me ka riƙe daga wancan zagayen naka ban da hotuna.

Khalifa_Milano:
Hotunan ma ai abin riƙewa ne, Yaya.

Maman_Ikram:
Ni tambayata ɗaya ce, da wane kuɗin? Ɗana yana can ƙasar da kake, kuma na san abin da ake ba masu tallafin karatu na gwamnatin Hangari, Stipendium Hungaricum, a wata, forint 43,700 na kuɗinsu, bai wuce yuro 100 da 'yan kai ba. Sauran duk mu ne nan muke canza naira muna turawa, kuma kun san yadda take. Karatu aka tura ku. Ban ce kada yaro ya ga duniya ba, amma a sanar da iyaye, a kuma ji tausayinsu.

Bello_Debrecen:
Allah ya ƙara girma Mama, gaskiya kika faɗa. Kuɗin na aikin da na yi ne a hutun bazara, a wani sito. Baba ma ya sani, shi cewa ya yi in tabbata na je Vienna.

Zainab_Wien:
Baba ya san abin da yake yi. Bello, kafin komai duba kalanda. 23 ga Oktoba hutu ne a Hangari, jiragen fita daga Budapest cike suke a wannan satin, ka sayi tikiti tun yanzu don kuɗinsa hawa yake yi in ranar ta matso. 26 ga wata ranar ƙasa ce a nan Ostiriya, 28 kuma ta ƙasar Cek. A Vienna ranar hutu da ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai 'yan ƙalilan na manyan tashoshi, su ma layi har waje. Haka Jamus take ranar Lahadi. Wanda bai sani ba sai ya wuni da yunwa ko ya ƙare a gidan abinci mai tsada.

Sai agogo. Daren Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da shi baya da awa ɗaya. Daga ranar, kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi. Wannan wuni ɗaya da kake ba kowane gari, in ka cire safiya da neman wurin ajiye jaka, hasken da ya rage maka kaɗan ne.

Kuma a Budapest jirginku na Debrecen a tashar Nyugati yake sauke mutane, na Vienna kuwa daga Keleti yake tashi. Ka bar wa kanka tazara tsakani.

dan_fagge_99:
Ni ina Cyprus ta Arewa. Da katin zamana zan iya biyo shi mu haɗu a Vienna?

Barista_Hauwa:
@dan_fagge_99 a'a. Katinka ba ya aiki a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakoki a tsakaninsu. Ita kanta Cyprus ta kudu, duk da tana cikin Tarayyar Turai, ba ta shiga yankin ba, haka ma Ireland. Mutanenmu da ke zaune a Ingila su ma sai sun nemi biza, kuɗinta yuro 90 tun 2024. Shi Bello da yake katinsa na ƙasar Schengen ne, yana da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180 a sauran ƙasashen, kuma yanzu ƙasashe 29 ne tun da Romaniya da Bulgeriya suka shiga.

Amma Bello ka ji wannan da kyau. Katin shi kaɗai bai isa ba, sai da fasfo, na ainihi, ba hotonsa a waya ba. Mutane suna jin an ce babu iyaka sai su bar fasfo a ɗaki. Ostiriya tana duba masu shigowa daga Hangari tun 2015, Jamus kuma ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa daga 16 ga Satumba 2024. Ba kowace mota ake tsayarwa ba, amma ranar da aka tsayar da taka babu wanda zai saurari labari.

Ɗan_Maraɗi_Lyon:
Barista ta hwaɗi gaskiya, ku bari in ƙara. Wanda katinshi ya ƙare yana jiran sabo, ya zamna inda yake. Nan Faransa takardar da suka ba mutum ta jira, in ta neman farko ce, ba a fita ƙasa da ita. Wani yaron garinmu ya tahi da irinta, da ƙyar anka samu ya komo. Mu 'yan Nijar abin ya hi muna tsanani, tun da anka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai farkon 2024. In ka maƙale waje, ina za ka nemi bizar komowa? Shi ya sa ni ba ni wasa da takarda.

sadiq_poznan:
Maganar bincike. Ranar da na shiga bas ɗin dare, wajen ƙarfe 3 muka tsaya a wata iyaka, jami'ai biyu suka shigo da tocila. Mota cike, amma mu uku suka nufa: ni, da wani ɗan Kamaru, da wata mai hijabi. Na miƙa fasfo da kati, ya juya katin gaba da baya, ya tambaye ni me nake karanta, ina zan kwana, yaushe zan koma. Na nuna masa tikitin komawa da takardar masauki a waya, ya miƙo mini ya wuce. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, amma barcin da ban koma ba ke nan har gari ya waye. Ka ajiye katin makaranta da tikitin dawowa a kusa, kada sai an tambaya ka hau zazzage jaka.

Khalifa_Milano:
Wannan kam ko gari ɗaya za ka je sai ka gamu da shi. Ba dalilin rage birane ba ne.

Malam_Tukur:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta lissafin jirgi, ba a yi na salla ba. Bello, tafiyarka ta kai ta ƙasaru tun kafin ka bar Hangari, domin a mazhabarmu ta Malikiyya tazarar ita ce mil 48, kimanin kilomita 80, Debrecen zuwa Budapest kuwa ya haura 200. Za ka riƙa yin raka'a biyu a Azahar da La'asar da Isha'i muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya ba. Akwai kuma rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i. Inda matsalar take shi ne Asuba a cikin bas ɗin dare. Direba ba zai tsaya dominka ba. Ka shiga da alwala, ka duba lokacin isa kafin ka sayi tikiti.

Bello_Debrecen:
Allah gafarta Malam, shafa a kan safa fa? Sanyi ya fara.

Malam_Tukur:
A wurinmu huffi na fata ake shafa a kai. Akwai malaman wasu mazhabobi da suka halatta safa mai kauri. Ka sayi huffi ka huta, a shagunan Turkawa ana samu.

Zainab_Wien:
In Juma'a ta same ka a Vienna, hau layin U6 ka sauka Neue Donau, masallacin Cibiyar Musulunci yana nan bakin kogi, za ka hango hasumiyarsa. A 1979 aka buɗe shi. A Balin kuma akwai masallacin Şehitlik kusa da tsohon filin jirgin sama na Tempelhof. Prague ce ke da wuya, babban masallacinsu yana can wajen Černý Most, ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Na kuma gane dalilin Baba. A Vienna hedikwatar OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur, take, kuma mutanenmu sun riƙe ta. Marigayi Rilwanu Lukman na Zariya ya yi babban sakatare, a nan Vienna ma ya rasu a 2014. Marigayi Muhammad Sanusi Barkindo na Yola ya riƙe daga 2016 zuwa 2022. Ginin dai ofis ne kawai, daga waje za ka gan shi ka wuce. Kada ka sayi ruwan gora a garin nan, na famfo daga duwatsu ake janyo shi tun 1873, ya fi na gorar daɗi.

Aisha_B:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma ina son yin Vienna da Prague da ƙawata. Masaukin nan mai araha, da gaske maza da mata ake haɗawa ɗaki ɗaya?

Zainab_Wien:
Da gaske ne ƙanwata, in ba ki zaɓa ba haɗa ki za a yi. Wajen yin rajista ki nemi ɗakin mata zalla, yawancinsu suna da shi amma shi ke fara cika. Ku biyu kuwa ku duba ɗaki mai gado biyu, in kun raba kuɗin bambancin ba shi da yawa. Hijabi babu mai hana ki, niƙabi ne doka ta hana a Ostiriya tun 2017, a Faransa tun 2011.

abu_hanif:
Mace da tafiya babu muharrami?

Shugaban_Zaure:
@abu_hanif mun yi wannan muhawarar a wani zaren, yana nan ba a goge ba, mai so ya je can. Nan a tsaya kan tambayar Bello.

sadiq_poznan:
Bello, shi masaukin nan ka shirya masa. Ɗaki ne mai gado takwas, sama da ƙasa, fitila a kashe, wani ya dawo daga mashaya ƙarfe 4 yana minshari da takalmi a ƙafa. Tsakanin gadajen ko sallaya ba za ta shimfiɗu ba. Ni a ɗakin girki nake yin Asuba, lokacin babu kowa sai ƙarar firji. Banɗaki babu buta, ka tafi da gorar roba da ka ware don haka. Ka sayi ƙaramin kwaɗo na kulle akwatin ajiya, fasfo kuma ya kwana a jikinka. A tashoshi ma banɗaki na kuɗi ne, ka riƙe 'yan tsaba.

Hafsat_Dr:
Abinci fa ku kula. Daga Hangari har Cek da Ostiriya alade ne kan gaba, kuma ko miyar da ba nama a ciki tana iya zama da kitsensa aka soya albasarta. A Balin ne za ka saki jiki, ka je titin Sonnenallee a unguwar Neukölln, gidajen abincin Larabawa da Turkawa a jere. Ko don cikinka ka ba Balin kwana biyu ko uku.

Ni dai duk lokacin da aka ambaci Budapest gabana faɗuwa yake. Ta garin Záhony na bakin iyakar Hangari muka shigo daga Yukren a Maris ɗin 2022, muna gudun yaƙi, da jaka ɗaya, a tsaye cikin jirgi. Birane da yawa na ratsa a satin nan, ban iya tuna kamannin ko ɗaya ba sai tashoshinsu. Allah ya sa taka ta daɗi ce.

Maman_Ikram:
Allah sarki 'yata. Allah kada ya maimaita.

injiniya_sani:
Amin. Mu koma kan kuɗi, don bai samu amsa ba. Ba zan yanka maka adadi ba tunda farashi yana bin ranar da ka saya, amma ga inda kuɗi ke zurarewa. Jirgin sama mai araha, kuɗin da ka gani na kujera ne da ƙaramar jakar da za ta shige ƙarƙashinta, ƙari a kan haka sai ka biya, a bakin ƙofar shiga kuwa ninki ne. Kuma filin da suke sauka ba lallai ya zama cikin gari ba. Wanda ake kira na Faris a Beauvais yana da nisan kilomita 80 da wani abu daga birnin, kuɗin motar shiga gari yakan kusa kamo na jirgin. Na Bergamo da ake jingina wa Milan shi ma tafiyar kusan awa ɗaya ce.

In ka dage sai dogon zagaye, duba tikitin Interrail, tikiti ɗaya da ake zagaya ƙasashen Turai da shi a jirgin ƙasa. Ba sai ɗan Turai ba, duk mai katin zama yana iya saya, kuma akwai ragi ga wanda bai wuce shekara 27 ba. Sai dai a ƙasar da kake zaune fita ɗaya da dawowa ɗaya kawai yake ɗauka, kuma jirage masu gudu na Faransa da Italiya sai ka sake biyan kuɗin kujera daban. A hanyar Vienna, Prague, Balin kuwa tikitin da aka saya da wuri yakan fi shi sauƙi.

Usman_Praha:
Prague ba yuro suke ci ba, koruna ne. Kada ka canza kuɗi a shagunan tsohon gari ba tare da ka tambayi nawa za su ba ka a hannu ba. In an cuce ka, doka tun 2019 ta ba ka awa 3 ka koma da rasit a warware cinikin, matuƙar bai wuce yuro 1,000 ba. In na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi koruna. Gadar Charles kuma ka je da sassafe bayan Asuba. An fara gina ta a 1357, amma da rana ba gadar za ka gani ba, ƙeyar mutane za ka gani. Tsohon agogon da ke dandalin tsohon gari, wanda ake taruwa a ƙarƙashinsa a ga wasan da yake yi in awa ta cika, wasan nasa bai kai minti ɗaya ba, ni ban ga abin tsayuwa ba.

Tikitin takarda na jirgin cikin gari sai ka cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, a Prague da Vienna da Balin duka. Babu ƙofar da za ta tare ka, masu dubawa kuma cikin kayan gida suke. A Balin tarar yuro 60 ce.

Ɗan_Maraɗi_Lyon:
In ka kai Balin ka tahi ka gano muna ɗakin da sunka zamna da rula sunka raba Maraɗi da Katsina.

Tarihi_Gusau:
Ranka ya daɗe, gyara kaɗan. Taron Balin, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ƙasashe 14 ƙarƙashin jagorancin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ƙa'idojin mamaya da na ciniki a kogin Kwango da Neja ya shimfiɗa. Ba a nan aka ja layin da ya raba mu ba. Wannan Ingila da Faransa ne suka yi tsakaninsu, daga yarjejeniyar 1890 da ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, aka yi ta gyara a 1898 da 1904 da 1906. Ginin taron ma babu shi yanzu, allo ne kawai a bakin titin Wilhelmstraße, in ba ka lura ba sai ka wuce shi.

Abin da zan so Bello ya nema shi ne kabarin Heinrich Barth a Kreuzberg, Baturen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ga Katsina da Damagaram da Sakkwato, ya rasu a Balin a 1865. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, daga ƙasar Damagaram. Ta Tarabulus suka bi, yaron ya ga Landan, ya ga Jamus, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta. Daga baya ya dawo, a Kano ya ƙare rayuwarsa. Don haka Bello, an riga ka.

Ɗan_Maraɗi_Lyon:
To Malam, ko wa ya ja layin, mu dai anka raba.

Khalifa_Milano:
Kun gani ko? Dorugu ma bai tsaya gari ɗaya ba.

injiniya_sani:
Shi ba ranar Litinin yake da lakca ba.

Bello_Debrecen:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na cire Amsterdam da Milan, Khalifa ka yi haƙuri sai hutun Disamba. Yanzu Vienna, Prague, Balin. Amma Faris ta tsaya mini a rai. Na ga bas ɗin dare daga Balin, in wuni can in hawo jirgi zuwa Budapest. Ƙannena tun da na taho suke tambayar hoton hasumiyar Eiffel.

Barista_Hauwa:
Wannan bas ɗin ya haura awa 12. Za ka isa a gajiye, ka yi hoto, ka kama hanyar Beauvais. Ni da Faris na ware mata nata hutun.

Khalifa_Milano:
Je ka abinka. Gajiya kwana ɗaya ce.

Usman_Praha:
Ko ka je ko kada ka je, daga Prague zuwa Balin ka hau jirgin rana, kada ka yi bas. Ka zauna ɓangaren dama, bayan an wuce Ústí jirgin yana bin gaɓar kogin Elbe har Dresden, duwatsu a tsaye a ɗaya gefen. A wannan hanyar kuma ake yawan shigowa duba takardu, fasfo ya zama a aljihun gaba.

dan_fagge_99:
Barista, bizar nan ta yuro 90, daga nan zan nema ko sai na koma Abuja?